Batirin Kwaikwayo: Daga Akwatin Rediyo Zuwa Teburin Mai Gyaran Waya

A shekarar 1928 aka yi gwanjon kayan wani kamfanin batir mai suna Stewart da ya karye a birnin Shikago na Amurka. Paul Galvin da ɗan'uwansa Joseph suka saye zane-zane da kayan ƙera wata na'ura a kan dala 750. Aikin na'urar ɗaya ne tak: a cire batir daga akwatin rediyo, a jona ta a gurbinsa, ta jawo wutar gida ta ciyar da rediyon. Ƙaramin kamfanin da suka kafa a kan wannan ciniki shi ne daga baya ya zama Motorola.

Abin da ya sa na'urar ta samu kasuwa shi ne wahalar da masu rediyo ke sha a wancan zamani. Rediyo mai bawul batir iri uku yake ci. Akwai na A, sau da yawa mai ruwan asid irin na mota, mai bolt 6, wanda ke zafafa bawul. Akwai na B, busasshe, da ake sayarwa a dunƙule mai bolt 45, a haɗa biyu ko uku. Sai ɗan ƙaramin na C. Na A sai an riƙa kai shi caji, in ya zubo ya ƙona shimfiɗa. Na B kuwa in ya ƙare sai dai a sayi sabo. Duk wanda ya zo da abin da zai raba magidanci da wannan ɗawainiya, ai ya samu ciniki.

Cinikin bai daɗe ba. Tun 1925 Edward Rogers na Toronto a Kanada ya fito da rediyon da ake jonawa kai tsaye a bango, kuma cikin 'yan shekaru irinsa ya cika kasuwa. Kafin 1930 ta ƙare su Galvin sun koma ƙera rediyon mota.

Na'urar ta bar falo ta koma shagon gyara, kuma a can ta yi zamanta. Mai gyaran rediyo da rakoda ba zai yi ta ƙona batir a kan kowane akwati da aka kawo masa ba, don haka yakan haɗa nasa: taransifoma da aka ciro daga mataccen rediyo, dayod huɗu, babbar kafasita, da waya biyu masu ɗan baki irin na kada. A 1976 Bob Dobkin na kamfanin National Semiconductor ya ƙera LM317, wani ɗan IC mai ƙafa uku. Da shi da rasista biyu, ɗaya mai murɗawa, ana samun duk ƙarfin wutar da ake so daga bolt 1.25 zuwa 37, har amfiya ɗaya da rabi. Yau kusan shekara hamsin ke nan ana ƙera shi, kuma da wuya a samu ɗalibin lantarki da bai taɓa narka dalma a ƙafafunsa ba.

Sai dai duk waɗannan na'urori buri ɗaya suka sa a gaba, wato su fi batir kyau. Wutarsu ba ta raguwa, ba ta gajiya. Ga mai son jin labarai wannan alheri ne. Ga mai gwaji kuwa babban gibi ne, domin kayan da ya yi aiki lafiya lau a kan tebur yana iya mutuwa a aljihun mai shi, inda batirin gaske ke jiransa da duk rauninsa.

Raunin nan iri biyu ne. Na farko, ƙarfin batir sauka yake yi. Batirin lithiyam-ayon, wanda Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, yana cika a bolt 4.2, ya daɗe a wajajen 3.7, ya ƙare kusa da 3.0. Batirin tocila siriri na AA yana farawa sama kaɗan da 1.5 ya gangara ƙasa da 1. Na biyu, kowane batir yana da turjiya a cikinsa, wadda ke cinye wani kaso na ƙarfinsa duk lokacin da aka ja wuta da yawa, kuma tana ƙaruwa da tsufa da sanyi.

Wayar GSM ce ta tona wannan asiri. Ba ta aika magana a jere. A ɗan tsakanin da bai wuce mikirosakan 577 ba take watsa saƙonta, ta yi shiru, ta sake, kusan sau 217 a kowace daƙiƙa. Wannan ne ƙarar nan da sifika ke yi in waya na kusa da ita kira zai shigo. A kowane bugu wayar na iya fizgar wuta har kusan amfiya 2. To, a ɗauka turjiyar batir da ta ƙarafunan da yake taɓawa ta kai om 0.2. Bugu ɗaya zai zabge bolt 0.4. Batirin da mita ta nuna yana 3.6 sai ya faɗi 3.2 a ƙiftawar ido, waya ta ɗauke a tsakiyar magana, a kunna ta kuma a ga da sauran caji. Masu ƙera waya ba za su iya gano wannan ciwo da wuta mai tsayayyen ƙarfi ba. Shi ya sa kamfanonin kayan awo suka juya akalar aikin. Keithley na birnin Cleveland, alal misali, ya fitar da samfurin 2306, wanda injiniya ke iya saita masa turjiya daga sifiri zuwa om 1. Abin da aka yi shekaru ana gudu, shi aka dawo ana biyan kuɗi masu yawa don a samu.

A watan Agusta na 2001 GSM ta fara aiki a Najeriya, kuma ba a jima ba sabuwar sana'a ta tsiro. Daga Computer Village a Ikeja zuwa titin Beirut da kasuwar Farm Centre a Kano, teburan gyara suka cika, kowanne da akwatin da masu sana'a ke kira fawa saflai. Wanda ya fi yawa shi ne ɗan ƙaramin nan na ƙasar Sin mai lamba 1502, ma'ana bolt 15, amfiya 2. Yaran shago suka fara cin karo da darasin da babu shi a jikin kwali: ka ba tsohuwar Nokia wuta daidai a ƙafar ja da ta baƙa, ta ƙi tashi. Dalili, batir irin BL-5C ƙafa uku gare shi, kuma ta ukun tana ɗauke da rasista da waya ke karantawa don ta san wane batir aka saka mata. Wasu kamfanonin a wannan ƙafa suke sa rasista mai sauyawa da zafi, sau da yawa mai om 10,000, don waya ta san ko batir ya yi zafi. Sai mai gyara ya liƙa rasistar da ta dace tsakanin ƙafar nan da baƙar igiya, nan take allo ya kawo haske. Ko bai sani ba, ya ƙera batirin kwaikwayonsa na farko ke nan.

Wayoyin yanzu sun ƙara wa abin wuya. Batirin iPhone yana da ɗan IC a jikinsa da ke lissafin caji yana magana da injin waya, don haka ake sayar da igiyoyi na musamman masu irin wannan IC a ciki, kowane samfuri da bakinsa.

Wanda ya tsaya kusa da gwanin gyara zai ga cewa idonsa ba ya kan waya, yana kan mitar amfiya. Zai saita bolt 4, ya rage iyakar wutar da akwatin zai bayar, sannan ya maƙala igiya. In lamba ta yi tsalle tun bai taɓa maɓallin kunnawa ba, ya san akwai shot, wato wuta na zurarewa ta gajeriyar hanya, a babban layin wuta. In ya danna ta hau kaɗan ta tsaya cak, injin ya fara tashi ya maƙale a hanya. In ta riƙa hawa tana sauka tana rawa, waya na tashi, laifin na allo ne ko na batir. Shot ɗin kuma yana da hanyar kamu: a turara hayaƙin ƙaron dalma a kan injin har ya yi fari, a ba layin wuta kaɗan, wajen bolt 1, a zuba ido. Kafasitar da ta lalace, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, ita za ta fara zafi ta narkar da farin da ke kanta. Wannan ilimi ne na gaske, kuma akasarinsa daga hannu zuwa hannu ya yaɗu, maigida ya koya wa yaro.

Akwai abu ɗaya da fawa saflai ta kasa, har gobe kuma yana ruɗa masu koyo. Batir yana bayarwa, yana kuma karɓa. LM317 da ire-irensa bayarwa kawai suka iya. In aka jona caja a wayar da ke kan irin wannan wuta, cajin ya rasa wurin shiga, ƙarfin wuta ya haura, awo ya zama na banza, wani lokacin ma a yi ɓarna. Maganin gargajiya mai arha shi ne a gicciya ƙatuwar rasista a bakin fitar wuta. Mai om 4 a kan bolt 4 za ta riƙa shan amfiya 1 ba fashi. In caja ta turo rabin amfiya, sai akwatin ya rage nasa zuwa rabi, ƙarfin wuta ya zauna inda yake. Kuɗin wannan dabara zafi ne, wat 4 cur, don haka rasistar ta zama mai wat 10, a ɗora ta a kan ƙarfe.

A 'yan shekarun nan fagen ya koma wajen ƙananan kaya: agogon hannu, makullin mota, na'urorin Bluetooth da ake son su shekara a kan batir ɗaya mai kamar kwabo. CR2032 bolt 3 ne, faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2, turjiyarsa kuma da om goma-goma ake ƙirga ta. Na'ura na barci tana shan mikiro'amfiya kaɗan, ta farka ta fizgi miliamfiya 15. In turjiya ta kai om 30, kusan rabin bolt ya tafi. A nan masu ƙira a gida ne suka ja gaba. Dave Jones na Ostireliya ya buga zanen µCurrent a mujallar Silicon Chip a 2009, don ya magance yadda mita da kanta ke cinye ƙarfin wuta yayin awo. Joulescope ya fito a 2019 da kuɗin da jama'a suka tara. A 2020 kamfanin Nordic Semiconductor na Norwe ya biyo baya, ya saki Power Profiler Kit II, mai ba da bolt 0.8 zuwa 5 yana auna abin da ake ja.

Yau ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha yana iya haɗa nasa da Arduino, da MCP4725 mai raba ƙarfin wuta mataki 4,096, da INA219 mai auna abin da ake ja, da taransisto biyu, ɗaya na bayarwa ɗaya na karɓa. Ya rubuta wa Arduino jadawalin saukar batir, ta riƙa lissafin abin da aka sha tana rage bolt daidai gwargwado. Faɗuwar da za a jira wata shida a gani, sai a gan ta kafin la'asar.

Wanda bai kai nan ba, bai rasa komai ba tukuna. Rasista ɗaya a jere da jar igiya, om 0.2 don waya, om 20 ko 30 don kayan batirin kwabo, ta isa ta nuna masa abin da tsayayyiyar wuta ke ɓoyewa. Masu shago da ke da yara a hannu su sa wannan cikin karatun makon farko, tare da dokar duba bolt kafin a maƙala igiya, domin maɓallin 1502 yana kaiwa har 15, injin waya kuwa a wajajen 4 aka gina shi.