Katako mai tauri da mai taushi: Bambancinsu da amfaninsu

Masana ilimin tsirrai sun kasa katakon da ake amfani da shi a duniya gida biyu, wato mai tauri da kuma mai taushi.

Sai dai waɗannan sunaye kan rikita mutane, domin ba a kan ƙarfin icen aka dogara ba wajen yin rabon. Abin da ake dubawa shi ne irin bishiyar da aka samo shi.

Yadda masana suka raba su

Katakon da ake kira mai tauri yana fitowa ne daga itatuwa masu faɗin ganye, waɗanda ke yin fure su kuma haifi 'ya'ya masu ɗauke da ƙwallo ko iri a ciki.

Shi kuwa mai taushi ana samunsa ne daga itatuwa irin su fayin, masu ganye siriri kamar allura, waɗanda suka fi yawa a ƙasashe masu sanyi kamar Kanada da Rasha da Suwidin.

Idan aka yanka ice mai tauri aka duba shi da kyau, za a ga ƙananan ƙofofi da ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye. Mai taushi ba shi da irin waɗannan ƙofofi.

Yawancin itatuwa masu taushi sun fi saurin girma, sun kuma fi sauƙin yanka da buga ƙusa. Wannan ne ya sa aka fi amfani da su a duniya wajen gine-gine da yin takarda.

A Nijeriya fayin ba ɗan gida ba ne. An dasa shi ne a gandaye a wurare irin su tsaunukan Jos da na Mambila.

Itatuwan gonakin Kano

Bisa wannan ma'auni, kusan duk itacen da ke gonakin Ɗambatta da Bichi da Makoɗa da Tsanyawa mai tauri ne, har da kuka da rimi, waɗanda kowa ya san ba su da ƙwari.

Saboda haka masassaƙa da magina na karkara suna da nasu ma'aunin: nauyin ice, da jurewa gara, da kuma daɗewa ba tare da ya tsage ba.

Ƙirya na daga cikin mafiya ƙarfi. Da ita ake sassaƙa turmi da taɓarya, kuma maƙera sun daɗe suna fifita gawayinta saboda zafin wutarsa.

Marke ma ice ne mai nauyi, wanda ake nema domin dirkokin rumfa da kuma makamashi.

Maɗaci dangin mahogani ne, ana yin ƙofofi da kujeru da shi, yayin da aduwa ta yi suna wajen sassaƙa allon karatun Alƙur'ani da ƙotar fartanya.

Akwai kuma waɗanda amfaninsu yana a tsaye ne. Icen kuka ɓargo-ɓargo ne, ba ya yin katako, amma ganyenta miya ne, ɓawonta kuma igiya.

Hakazalika gawo, wanda ƙwari ke saurin cin icensa, ana barinsa a gona ne domin yana kaɗe ganye da damina, ya ƙara wa ƙasa taki, 'ya'yansa kuma su zama abincin dabbobi da rani.

Giginya kuwa ba ta shiga ko ɗaya daga cikin rukunonin biyu ba, domin ita dangin dabino ce. Amma azarar da ake tsagowa daga jikinta gara ba ta cika cinta ba, kuma ita ce ginshiƙin rufin soro a ginin gargajiya, kamar yadda ake gani a Gidan Makama da ke Kano.

Katakon da kafintoci ke saye a kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa, galibinsa daga kurmin kudu ake kawo shi. A ciki akwai iroko mai nauyi da obece maras nauyi, dukkansu kuwa a rukunin masu tauri suke.

Barazanar sare itatuwa

Matsalar ita ce, mafi yawan itatuwan da suka fi inganci su ne suka fi jinkirin girma. Ƙirya ko maɗaci kan ɗauki shekaru masu yawa kafin su isa sassaƙa.

Littafin da Michael Mortimore da abokan aikinsa suka wallafa a 1990 kan itacen girki a Kano, ya nuna cewa manoman da ke kewaye da birnin na kula da itatuwan gonakinsu, inda suka fi yin sassabe a kan sarewa daga tushe.

Darbejiya, wadda asalinta daga yankin Indiya ne, ta rage wa itatuwan gida nauyi, domin tana saurin girma, tana kuma sake tohowa bayan an sare ta.

To amma buƙatar kasuwannin waje ta kawo sabon ƙalubale. Yawan safarar madobiya daga Afirka ta Yamma zuwa ƙasar Sin ya sa a 2016 aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe.

Ga mai gini ko mai sayen turmi, sanin irin icen shi ne ke raba abin da zai lalace cikin 'yan damuna kaɗan da wanda jikoki za su gada.