Mabiyiya, Maleriya da Nauyin Jariri: Nazarin Aikin Farfesa Rose Leke

A ɗakunan haihuwa na Arewacin Kamaru, daga Garwa har unguwar Domayo a Marwa, da zarar an yanke cibiya sai a ɗora jariri a kan sikeli. Idan bai kai kilo 2.5 ba, akan ɗora laifin a kan rashin abincin uwa. Binciken Farfesa Rose Gana Fomban Leke ya nuna cewa sau da yawa uwar ta ci, maleriya ce ta tare hanya tsakaninta da ɗan cikinta.

An haifi Leke a 1947, ta yi karatu a Amurka, ta sami digirin digirgir a Jami'ar Montreal ta Kanada a 1979. Ta dawo gida ta koyar da ilimin garkuwar jiki da na ƙwayoyin cuta masu rayuwa a jikin mutum a Jami'ar Yawunde, ta kuma shafe shekaru tana bincike kan mata masu juna biyu tare da Ba'amurkiya Diane Taylor.

Tambayar da suka sa a gaba tsohuwa ce: me ya sa matar da ta saba da cizon sauro tun tana goye, maleriya kan kayar da ita a cikin fari? An samu bakin zaren a 1996, lokacin da Michal Fried da Patrick Duffy suka gano a Kenya cewa jajayen ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga suna manne wa mabiyiya. Daga baya aka gano sinadarin da ke manna su, aka sa masa suna VAR2CSA. Jikin mai cikin fari bai taɓa gamuwa da shi ba, don haka ba shi da makamin yaƙarsa sai a ciki na biyu ko na uku.

Gudummawar Leke ta fi fitowa a wurare biyu. A 1999 ita da abokan aikinta suka nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na matan da cutar ta cika musu mabiyiya, ba a ganin komai in an duba jinin yatsarsu a madubin likita, amma gwajin da ke neman sinadarin da ƙwayar ke fitarwa yakan kama mafi yawansu. Ke nan mace na iya barin awon ciki an ce lafiyarta ƙalau, alhali cutar na ɓoye. Na biyu, sun kwatanta matan birnin Yawunde da na ƙauyen Ngali, inda sauro ke cizo shekara tangaram, suka ga garkuwa na saurin ƙarfi inda cutar ta fi yawa, kuma ingancin garkuwar na da tasiri, ba yawanta kaɗai ba.

A nan ne batun ya haɗu da ciyar da jarirai. Mabiyiya ita ce akushin ɗan tayi. Idan ta kumbura, jini da sinadaran gina jiki kan ragu, haka ma garkuwar da uwa ke miƙa wa ɗanta a watannin ƙarshe, kamar ta ƙyanda. Jaririn da ya fito da rama da raunin garkuwa, idan kuma aka matse dakashi aka zubar bisa al'ada, aka ɗura masa ruwa ko jiƙo, an haɗa masa zafi biyu. Shayar da nono zalla na wata 6 na rage asarar, amma ba ya mayar da abin da ya salwanta tun a ciki.

Sai dai akwai iyaka ga abin da binciken zai gaya mana. A kurmin kudu aka yi shi. A Arewa maleriya ta damina ce: takan tsananta daga Yuli zuwa Oktoba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma mata ke aikin gona. Inda cutar ke zuwa tana ɗaukewa, ana sa ran garkuwa za ta yi jinkirin ƙarfi. Yankunan ban-ruwa kamar Lagdo da Maga kuwa, ruwansu ba ya ƙafewa da rani, don haka lissafinsu daban ne. Tun 2016 ake bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi na damina a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa, kuma a Janairun 2024 Kamaru ta zama ƙasar farko da ta sa allurar maleriya cikin rigakafin yau da kullum. Dukkansu na wanda aka riga aka haifa ne. Ɗan tayi ya dogara da gidan sauro da kuma Fansidar da ake bai wa uwa a awon ciki, aƙalla sau 3.

Leke ta shugabanci hukumar da ta tabbatar a 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna mai yaɗuwa da kanta, ta kuma karɓi lambar yabo ta L'Oréal da UNESCO a 2024. Abin da Arewa za ta ɗauka daga gare ta shi ne hanyar aikin: bin mace tun shigar ciki har haihuwa, duba mabiyiya, auna jariri, sannan a bi girmansa. Da makarantar likitanci da reshen Cibiyar Pasteur a Garwa, akwai inda za a yi wannan binciken da matan Arewa, a daminar Arewa.