Kama da Wane Ba Ta Wane: Tarihin Galago da Tasiya



A dazuzzukan ƙasar Hausa, irin waɗanda suka rage a kudancin Kano, akwai wani ɗan biri mai manyan idanu da ke fita da dare. Yana tsalle daga reshe zuwa reshe, abincinsa ƙwari da ƙaro. Masana na kiransa galago. Masanin Faransa Geoffroy Saint-Hilaire ne ya raɗa masa sunan Galago senegalensis a 1796.

Can kuma a tsibiran Filifin da Indunusiya akwai mai kama da shi, wato tasiya. Linnaeus ya saka shi a littafinsa na 1758, sannan Storr ya ba jinsinsa sunan Tarsius a 1780. Shi ma ɗan dare ne, mai dogayen ƙafafun baya da manyan idanu. Idanun nasa ba sa juyawa, sai dai ya juya kai har ya dubi bayansa. Ba ya cin ganye ko 'ya'yan itace, sai ƙwari da ƙananan ƙadangaru.

Saboda wannan kamanni, an daɗe ana zuba su biyun a rukuni ɗaya. A 1918 wani Bature ɗan Ingila, Pocock, ya raba su ta hanyar duba hanci. Hancin galago a jiƙe yake kamar na kare, na tasiya kuwa busasshe ne kamar na sauran birai. Haka ido: in an haska galago da tocila idonsa na ƙyalli, tasiya kuwa ba shi da abin da ke sa wannan ƙyallin. Ashe tasiya ya fi kusanci da jan birin da ke ɓarna a gonakinmu fiye da galago. Daga baya binciken ƙwayoyin halitta ya ƙarfafa wannan ra'ayi.

Mu ma da namu aikin. Galago ya dogara da itatuwa masu ƙaro da masu kogo, su ne kuma ake sarewa don itace da gawayi. In dabba ta ɓace, sunanta da labaranta na bin bayanta.

Don haka 'yan uwa na Madachi, Rano da Kibiya, mu zauna da tsofaffin mafarauta. Mu rubuta sunan da suke kiransa, itatuwan da yake kwana, da lokacin da aka fi ganinsa. Mu bambanta abin da suka gani da ido da abin da suka ji ana faɗa.

Allah Ya sa mu dace.