Direban Da Ba Ya Tuƙi: Ɗan Tarihin Sa Wa Kwamfuta Babbar Manhaja

  

Wasiƙar yau ta tarihi ce. Duk wanda ya taɓa kai laftof aka yi mata fomatin ya san zancen: an sa Windows sabuwa fil, amma babu sauti, babu wayales, sai mai gyara ya ce saura direbobi, a ƙaro wani abu. Wasunku suna ganin wayo ne. To matsalar dai ta girmi mai gyaran.

Direba a nan tafinta ne. Babbar manhaja, Windows ce ko Linux, ba ta jin yaren ƙarafan da ke cikin kwamfuta, kuma kowane kamfani da yaren da ya koya wa nasa. Shi ya sa ake rubuta 'yar ƙaramar manhaja ta tsaya a tsakani. Wanda ya ƙera ƙarfen shi ya san yaren: in ya ga dama ya ba da tafinta, in ya ga dama ya hana. Rigimar shekara arba'in da ɗoriya daga nan ta taso.

Wajen 1980 aka kawo sabuwar firinta ta Xerox ɗakin bincike na jami'ar MIT a Amurka. Takarda tana yawan maƙale mata. Wani masani, Richard Stallman, ya so ya gyara manhajarta ta riƙa sanar da mutane in ta maƙale, kamar yadda suka yi wa tsohuwar, amma aka hana shi asalin rubutun manhajar. Haushin wannan yana cikin abin da ya sa ya ƙaddamar da shirin GNU a 1983, na manhajar da kowa zai iya buɗewa ya gyara. A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Helsinki, Linus Torvalds, ya rubuta ƙwayar da ta rage, aka sami Linux.

A ɓangaren Microsoft kuwa, zamanin DOS sai ka buɗe cikin kwamfuta ka daidaita kati da hannunka, sannan ka rubuta sunan direba cikin fayil mai suna CONFIG.SYS. Windows 95, wadda ake sayarwa a faifan CD ko fulofi 13, ta zo da alkawarin cewa ka jona kawai ka yi aiki. Masu barkwanci suka mayar da shi ka jona ka yi addu'a. Ba su yi ƙarya ba. A Afrilun 1998, a wani baje koli a Chicago, ana nuna Windows 98 Bill Gates yana tsaye a kan dandamali, aka jona sikana, sai allo ya yi shuɗi a gaban jama'a, ɗaki ya ɗauki dariya da tafi.

Amma wahalar da masu gyaranmu na gida suka fi sha ta Windows XP ce. A Oktoban 2001 ta fito, kafin ma'ajiya nau'in SATA ta yaɗu. Da Vista ta zo a 2007 mutane suka ƙi ta saboda nauyi da rashin jituwa da tsofaffin direbobi, sai kowa ya ce a mayar masa da XP a kan sabuwar laftof. Ka sa faifai, ya yi ta lodi, can sai ya ce shi bai ga ma'ajiya ba, alhali ga ta nan a ciki. Ƙa'ida ita ce ka danna F6 tun farko ka ba shi direba, kuma daga fulofi kaɗai yake karɓa. Laftof ɗin lokacin kuma ba su da ramin fulofi! Dole ko ka shiga BIOS ka mayar da ma'ajiyar tsohon tsari na IDE, ko ka yi amfani da wata manhaja, nLite, ka cusa direban cikin faifan ka sake gasa shi. In an haye wannan ga wata: direban katin intanet yana intanet, kai kuma ba ka da hanyar shiga sai da shi. Sai a tafi kafe a sayi awa a sauko da shi a filash. Jakar faya-fayan nan da kuke gani a hannun mai gyara, rabin jarinsa ke nan.

Mutanen Linux tasu ta fi zafi, domin kamfanoni da yawa ba su ma rubuta musu tafinta ba. A 2004 Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da Ubuntu, har ana aika faifanta kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya, sai 2011 aka daina. Faifai ya iso, an sa, komai ya yi kyau, wayales ya ce bai san zance ba, musamman in na Broadcom ne. Dabarar farko ita ce NDISwrapper, wadda aka fara a 2003: ana aro direban Windows a ruɗe shi ya zaci yana gida. Ta biyu ta fi burge ni. Masu sa kai suka rabu gida biyu, wasu suna binciken direban kamfanin suna rubuta bayanin yadda yake aiki, wasu kuma suna rubuta sabo daga bayanin kawai ba tare da sun ga na asalin ba, don kada a ce sun yi sata. A 2007 Greg Kroah-Hartman ya yi shelar cewa duk kamfanin da ya kawo bayanin ƙarfensa za a rubuta masa direba kyauta. Broadcom ta saki buɗaɗɗen direba a 2010. Nvidia kuwa, wadda Torvalds ya yi wa daƙuwar Turawa a bainar jama'a a 2012, sai 2022 ta buɗe wani ɓangare na nata. Yau mafi yawan direbobin Linux a cikin ƙwayarta suke, shi ya sa tsohuwar laftof kan tashi da sauti da wayales tun kunnawar farko.

Kada kuma a raina direba don ƙanƙantarsa, a ƙuryar ɗaka yake zaune. Ranar 19 ga Yulin 2024 wani gurɓataccen sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya rikita direbansa, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka faɗi a lissafin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda da biro.

Abin da ya shafe ku kai tsaye shi ne wannan. Windows 11 ta 2021 tana neman guntun tsaro TPM 2.0, kuma a Intel sai tsara ta takwas zuwa sama, ga shi wa'adin tallafin Windows 10 na kowa da kowa ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Da yawa daga laftof 'yan Kwatano da ke hannun ɗalibanmu ba su kai ba, alhali lafiyarsu ƙalau. Ni dai a ganina kafin a ci bashi a sayi sabuwa, a gwada Linux Mint daga filash, tana tashi ba tare da an goge komai ba. Wanda kuma ya sayi sabuwa mai Intel tsara ta 11 zuwa sama, kada ya firgita in Windows ta ce ba ta ga ma'ajiya ba: direban Intel RST take nema, kuma yanzu daga filash ma tana karɓa.

A gaida su Inna da Baba da duk mutan gida. Wassalam.