Injin da Bai San Hutu Ba: Daga Milwaukee Zuwa Yauri

Kafin ƙarar inji ta shigo kogin Kwara, ƙarfin jirgi a damtsen matuƙinsa yake. Sarkawa da Gungawan ƙasar Yauri da filafili da gora suke ratsa ruwa, kuma wanda zai hau kogin da kaya sai ya yi guzurin kwanaki. Abin da ya sauya wannan lissafi ɗan inji ne da ake rataya wa jirgi a baya, a sauke shi da yamma a saɓa a kafaɗa a kai gida.

Tun 1881 wani Bafaranshe mai suna Gustave Trouvé ya gwada irinsa mai aiki da batir a birnin Paris. Amma wanda ya mai da shi hajar kasuwa shi ne Ole Evinrude, haifaffen ƙasar Norway da ya girma a Amurka. A 1909 ya fito da injinsa mai ƙarfin doki ɗaya da rabi a birnin Milwaukee. Yankin nasu ƙasar tafkuna ce, kuma da hunturu ruwan daskarewa yake yi har a taka shi da ƙafa. Saboda haka al'adar gyaran injin ta tashi ne da kalandar ƙanƙara. Idan sanyi ya gabato, mai jirgi zai tsiyaye ruwan cikin inji don kada ya daskare ya fasa ƙarfe, ya canza man giya, ya fesa mai a cikin silinda saboda tsatsa, ya jingine shi watanni. Idan ƙanƙara ta narke, sai a sa sabon fulogi a koma ruwa. Yanayi ne da kansa yake tilasta wa injin hutu, yake tilasta wa mai shi dubawa.

A 1960 kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da nasa na farko, daga baya ya ƙera samfurin Enduro domin masunta da masu jigila: inji mai sauƙin kwancewa, mai jure wahala, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. A daidai wannan zamani ruwayenmu ma suka sauya. An kammala madatsar Kainji a 1968, kogi ya zama tafki mai faɗi, garuruwa suka tashi, kasuwannin gaɓa suka yi wa filafili nisa. A tafkin Chadi kuwa, farin shekarun 1970 da 1980 ya janye ruwa, masunta suka bi shi cikin tsibirai, sai da inji ake fito da banda zuwa Baga. Inji ya zo ya tarar da aiki na jiransa.

Sai dai ya baro hunturunsa a can. A nan babu watan da ruwa ke rufewa, don haka babu ranar da yanayi zai ce wa mai jirgi ya dakata. Kalandar da ta dace da mu kogin ne ya rubuta ta. Kwara tana cika sau biyu a shekara a yankin Kainji. Cikar farko ta damina ce, wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwan ya zo fari fat da laka. Ta biyu ruwan tsaunukan Gini ne, wanda ke yin watanni a fadamun Mali yana sauke lakarsa, ya iso da sanyin hunturu a tace, har ake ce masa baƙin ruwa.

Kowane lokaci da irin ɓarnarsa. Injin da ruwan kogi yake sanyaya kansa: wata 'yar roba mai fukafukai ce a ƙasansa ke zuƙo ruwan ta tura sama. Laka da yashi suna cinye ta a hankali, shi ya sa ƙwararren matuƙi ke yawan waiwayen siririn ruwan da ke tsartuwa daga bayan inji. Ya tsaya, to wuta ce ke tafe. Idan ruwa ya ja baya da bazara, farfela ke shan dukan tudun yashi da kututturan da tafki ya binne. Kainuwa da ciyawa suna toshe kafar shan ruwa. Zaren koma yakan naɗe a gindin farfela ya yanke robar da ke tare mai. Alamarsa, a kwance man giya a gan shi ya yi fari kamar nono. Ƙurar hunturu da fetur ɗin jarka kuma kafireta suke toshewa.

Wannan ilimi a gaɓar ruwa ya zauna, a hannun bakanike mai rumfa da ganga cike da ruwa ta gwajin inji, yana koya wa yaransa kamar yadda aka koya masa. Kamfanin Evinrude kansa ya daina ƙera inji a 2020, amma rumfunan nan suna nan suna tayar da injunan da suka girmi masu tuƙa su.

Yau jarrabawar ta aljihu ce. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, kowace lita ciwo take yi, kuma abin da ake fara tsukewa shi ne abin da ido ba ya gani. Yawancin waɗannan injuna rabin lita na baƙin mai suke so a lita 25 ta fetur. A rage, inji ba zai yi magana yau ba, sai ranar kasuwa, a tsakiyar ruwa, jirgi cike da mata da buhunan hatsi, igiya na dukan gefensa. Mota idan ta mutu a gangara gefen titi. Jirgi ba shi da gefe.

Turawa ƙanƙara ce ke tuna musu. Mu kuwa sai dai mu sa wa kanmu rana: kafin farin ruwa ya iso, da bayan ya wuce, a sauke inji a kai shi rumfa.