Daga Wuri zuwa Kwabo: Koyon Lissafin Canji a Nguru da Gashuwa

Tun kafin makarantar boko ta kafu a arewacin ƙasar Barno, kasuwa ce ke koya wa yaro lissafi, domin yarinya mai talla da yaron aike su ne ke fita da hajar matan kulle su komo da ciniki, kuma ba a ɗora wa wanda bai iya ƙirga ba faranti. A ƙasar Galadiman Barno, wanda Nguru ce mazauninsa, da kuma ƙasar Bade, inda Gashuwa take, an daɗe ana saye da sayarwa da gabaga, wato siririn ƙyallen saƙi, kafin wuri ya samu shiga Barno wajen 1848, zamanin Shehu Umar. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya isa Kukawa a 1851, ya tarar wuri 8 ne gabaga ɗaya, gabaga 4 kuma ratal ɗaya, alhali a ƙasar Hausa zube wuri ake yi a ƙasa ana jansa biyar-biyar.

Kuɗin Turawa ne suka fi wahalar da mai koyo, musamman bayan da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, cinikin gyaɗa da ƙaro da shanu ya sa tsabar kuɗi ta yawaita a hannun talakawa. Anini 10 ne kwabo, kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, wato ma'auni uku mabambanta da dole yaro ya riƙe a ka, ga kuma ɗari, rabin kwabo ke nan, da taro mai kwabo 3, da sisi mai kwabo 6. Yarinyar da ta sayar da ƙosai uku a ɗari-ɗari aka miƙa mata sisi, sai ta mayar da taro da kwabo da ɗari nan take, lissafin da ko babba ba zai raina ba. Abin da ya sauƙaƙa shi ne siffar kuɗin, tunda anini da ɗari da kwabo duk masu huji ne, ana iya zarga su a zare, hannu kuma yakan bambance su da sule tun ido bai gani ba.

Zuwan naira ranar 1 ga Janairu, 1973 ya mayar da komai goma-goma, ko da yake 'yan kasuwa sun ci gaba da kiran kwabo 10 sule, naira 2 kuma fam. Tsabar da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a 2007 ba ta karɓu ba saboda darajarta ta riga ta zube, shi ya sa ɗan firamare a yau yake haddace cewa kwabo 100 ne naira ɗaya ba tare da ya taɓa riƙe kwabon ba, a shago kuwa sau da yawa alewa ko dunƙulen Maggi ake ba shi a madadin canji.