Tattabarun Talaka da Ragon Layya

Da Babbar Salla ta gabato, matan Korgom da Kanembakashe kan fito da ragunan da suka yi watanni suna turkawa da dusa da harawa. A kasuwannin Tasawa da Mayahi kuwa magidanta da yawa sai sun ci bashi, don kada yara su ga balamin maƙwabci ya fi nasu. Tsohuwar dokar hadaya ta Bani Isra'ila tana da abin faɗa a nan.

Littafin Firistoci, na uku cikin littattafai biyar na Attaura, ya shimfiɗa ƙa'idodin filla-filla. Dabbar hadaya ba ta zama makauniya ko gurguwa ko mai ƙazuwa. Amma dokar ba ta matsa wa marar hali ba. A hadayar neman gafara, wanda bai iya ɗan rago ba sai ya kawo kurciya biyu ko 'yan tattabaru biyu, in ma hakan ya gagara, lallausan gari ya wadatar. Ba a ce ya je ya ranto ba.

Ƙa'idar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce ta wa'adi. Naman hadayar godiya a ranar ake cinye shi, na wa'adi kuma ya kwana ɗaya, abin da ya kai rana ta uku sai a ƙone. Gida ɗaya ba ya cinye sa a kwana biyu, ko da masu ci ne. A ganina, dole ta sa a kira dangi da maƙwabta da mabuƙata.

Wannan ibada ta tsaya a shekarar 70 Miladiyya, da Romawa suka rushe Haikalin Kudus. Yahudawa suka koma ga addu'a da karatu da sadaka.

Layyarmu ba daga can ta samo hukuncinta ba, amma yaron da ya karanta Risala a zaure zai gane kamannin: mai ido ɗaya da gurguwa da ramammiya ba sa isarwa, kuma layya tana kan mai iko ne. Manzon Allah (SAW) ma ya taɓa hana ajiye nama fiye da kwana uku a shekarar da mabuƙata suka kwararo Madina, daga baya ya sassauta. Yau a gidaje da dama ana soye ragon bashi a cika tukwane har Muharram, almajirin ƙofar gida kuwa ƙashi ne rabonsa.